Fitilu Biyu da Na Wanke da Toka

Tun da na dawo daga Doguwa ban huta da tambaya ba. A gidan suna a tambaye ni, a bakin rijiya a tambaye ni, a ajinmu na yaƙi da jahilci kuwa har malama sai da ta ajiye alli ta ce in ba da labari. Ni kuma ba gwanar magana cikin taro ba ce, da an zuba mini ido sai zancen ya tsere. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta a hankali, kowacce ta karanta da kanta, wadda karatunta bai kai nan ba 'yar'uwarta ta karanta mata. In kun ga harafi ya karkace ku yi haƙuri, hannun da ya saba da muciya ne.

Dalilin tafiyar Asabe ce, 'yata ta uku, wadda ke aure a Doguwa. Cikin fari gare ta. Bisa al'ada da ta shiga wata bakwai sai a kawo ta Bebeji goyon ciki, ta haihu a gidanmu. To daminar bara ta yi nauyi, sai ga takarda daga mijinta. Na karanta da kaina, sau uku, ina bin ta da yatsa. Ya ce ƙafafunta sun kumbura, ba ta iya zaman jaki, kuma ba ta da zance sai na Inna. Na ninke takardar na sa a ƙarƙashin tasa, na ce wa Malam, maigidana, in ita ba za ta iya zuwa ba ni zan je.

Wanda zai kai ni shi ne babban gidan nan. Ku da kuka san ni kun san ba na faɗin sunansa, ɗana ne na fari, ba kuwa zan rubuta shi ba. Direba nake ce masa, yadda gari ke ce masa. A hannun kakarsa ya tashi, shi ya sa yake ce mini Yaya, kamar yadda ya ji ƙannena suna faɗa. Shekara ashirin da 'yan kai ban taɓa zama na yi hira da shi ba. In ina da magana sai in faɗa wa wani a gabansa, ko in faɗa wa bango, shi kuma ya amsa wa bangon. Yana tuƙa wata ƙaramar mota mai bodin katako ta wani attajirin gyaɗa, a ƙofar gidanmu take kwana. Attajirin yana da gishiri da kananzir da za a kai Doguwa, ya ce a tafi da ni.

Sai dai Direba ya ce ba zai shiga dajin Falgore da fitilun da ke jikin motar ba. Ina daga ɗaki na ji yana gaya wa ubansa cewa haskensu bai fi na aci-balbal ba, kuma a can da damina akwai wani farin hazo mai laima da ke kwanciya cikin kwari da sassafe, har mutum ya kasa ganin tafin hannunsa. Ya je Kano ya dawo da kaya a buhu: sababbin ƙwayaye biyu na manyan fitilun gaba, da waya a naɗe, da wasu fitilu biyu masu kama da ƙaramar ƙwarya, waɗanda aka ciro daga tsohuwar motar soja. Ya ce su ne fitilun hazo.

Kwana uku ana aikin nan a gida. Ya kwance manyan fitilun ya shigo da su tsakar gida, ya shimfiɗa tabarma, ya jera notina cikin faifaina don kada kaji su watsar. Ashe bayan kowane ƙwai akwai wani kwano mai ƙyalli, shi ke tura hasken gaba. Nasa ya dushe, ya zauna yana goge shi da auduga a hankali kamar mai share wa jariri ido. Malam kuwa, kun san maƙeri, ba ya iya ganin ƙarfe a hannun wani ya yi shiru. Ya ce shi zai ƙera abin da za a ɗora fitilun hazon a kai. Direba ya fara wata magana ƙasa-ƙasa game da bamba, wato ƙarfen nan da ke gicciye a gaban mota. Malam ya katse shi, ya ce tun da aka halicci duniya ba a taɓa ajiye fitila a ƙasa ba, a alkuki ake ɗora ta, ko wata ma da Allah ya tashi rataye shi a sama ya rataye. Ya shiga maƙera ya hura wuta, ya ƙero ƙafafu biyu dogaye waɗanda za a kafa a kan rufin motar.

Nawa aikin ga shi. Ran Jumma'a suka tafi masallaci suka bar fitilun hazon a kan tabarma. Na zo wucewa na ga gilashinsu ya yi ruwan ɗorawa. Na ce a raina wannan ai dauɗar shekaru ce, irin wadda hayaƙi ke yi wa gilashin fitilar ƙwai, yaya za a shiga daji da fitila mai datti. Da wani ɗan ne da na jira na tambaya. Shi kuwa ta ina zan fara? Na ɗebo toka da lemon tsami da yashi mai laushi, na zauna a inuwar rumbu. Abin ya yi taurin kai, sai da na haɗa da bakin wuƙa. Kafin la'asar sun fito fari tas, har ina ganin fuskata a ciki. Da ya dawo ya ɗauki ɗaya ya juya ta, ya ɗaga ta sama, ya daɗe yana kallo. Sannan ya dubi rumbu ya ce, "Sannu da aiki, Yaya." Na shige ɗaki ina jin daɗi.

Ran Asabar bayan magariba aka gwada. Ya juyo da hancin motar ya fuskanci bangon zaure, ya ja layi da gawayi daidai ƙugunsa, ya riƙa murɗa wani ɗan noti a bayan kowace babbar fitila har hasken ya sauko ya kwanta a kan layin. Sannan ya kunna na saman rufi. Ina tsakar gida na ga haske ya wuce ta saman kaina, ya tsallake katangarmu da ta maƙwabta, ya je ya sauka a kan rimin bakin kasuwa. Balbelun da suka kwanta a kai suka tashi gaba ɗaya, farare, suna juyawa cikin hasken ba ƙara, kamar audugar da iska ta ɗebo. Mutanen unguwa suka yi ta sa albarka, Malam yana shafa gemu yana karɓar gaisuwa.

Lahadi da safe muka tashi. Na ɗaure kayana: kanwa, da yaji, da gero, da zuma, da sabulun salo, da wata fatala rawaya sabuwa da na saya wa Asabe, da fitilata ta ƙwai. Ban taɓa zama a gaban mota ba. Gonakin dawa suka riƙa juyawa a hankali kamar ana juya faifai, na rasa ko mu ke tafiya ko su.

A Ƙiru muka ɗauki Tabawa, ƙanwar Malam, unguwarzoma ce, rabin garin a hannunta suka faɗo. Tana fitowa ta tsaya ta riƙe ƙugu tana kallon rufin motar. Ta ce wannan ƙahon aikin yayanta ne, ta san hannunsa, ko allura ya ƙera sai ta yi nauyin garma. Ta shiga tsakiyarmu ta zauna da ƙullin kayanta a cinya, daga nan na sami baki. Sai in ce mata ta gaya wa mai motar ya rage gudu. Ita kuma ta juya ta ce masa an ce ya rage. Shi kuma ya ce, Gwaggo, ki ce na ji. Ta ce da ta san aikin tafinta aka ɗauko ta da ta sa hula. A Yako ƙahon ya sarƙe da reshen tsamiya, muka ji ƙara kamar rufin zai tashi. Direba ya fita ya duba, reshen ne ya karye, ƙarfen Malam ko lanƙwasa bai yi ba. Tabawa ta ce ai ta faɗa.

Da hantsi muka iso Kwanar Dangora, muka tsallaka babbar hanyar Zariya, muka kama ta Tudun Wada, jar ƙasa. A bakinta an gicciye gora a kan sanduna biyu, ga allo an rubuta da jan fenti. Na haɗa haruffan a zuci, TSAYA. Ban gaya wa kowa ba, amma na ji daɗi, allon hanya ya yi mini magana na kuma ji. Mai tsaron shingen wani tsohon soja ne mai kunne ɗaya, da gajeren wando. Dokar wurin ita ce in an yi ruwa ba motar da za ta hau hanyar sai ta sha iska, don kada taya ta nome ta. Yadda yake gwadawa kuwa, sai ya yi taku ashirin, ya buga diddigensa a ƙasa, ya sunkuya ya duba ramin, kamar mace tana duba tuwo ko ya yi. Tabawa ta roƙe shi, ta zolaye shi, ta kira shi angonta, ta ba shi goro. Ya karɓi goron ya ce shi dai ba shi ya jiƙa hanyar ba.

Muka zauna a gindin ɗorawa. Wata Bafillatana ta sauke ƙwarya ta dama mana fura, tana ce wa nonon kosam, tana dariyar yadda nake maimaitawa. Furarsu ta fi tamu yaji, nonon kuwa har maiƙo yake bari a leɓe. Na sha, amma ban san inda ya tafi ba, idona yana kan diddigen tsohon nan. Sai bayan azahar ya buga ƙasa ta ƙi karɓa. Ya ɗaga gorar, ya ƙame mana kamar mu ne manyan sojan.

La'asar sakaliya muka shiga Tudun Wada, muka sauka gidan wata ƙawar Tabawa, Iya Mairo. A nan na fara ganin abin da ba na gida ba. Gadon ƙasa ne a ɗakin, an hura wuta a ƙarƙashinsa da tsakar damina, ba mai jego ba mara lafiya, sanyin wurin ne kawai. Aka kawo mana faten tsaki da yakuwa, tuwo da miya an ɗaura musu aure a tukunya ɗaya. Na yi ta neman inda zan gutsura, Iya Mairo ta miƙo mini ludayi tana dariya, ta ce mutanen Bebeji sai sun ga tuwo ya zauna da gindinsa suke yarda an yi abinci.

Muna cikin ci Direba ya yi sallama a ƙofar ɗaki, ya kira Gwaggonsa. A tasha ya gamu da wani mai keke, maƙwabcin su Asabe, wanda ya baro Doguwa da safe zai wuce Kano. Shi ya gaya wa Direba, Direba ya gaya wa Tabawa, Tabawa ta dawo ta zauna kusa da ni ta gaya mini. Asabe tana naƙuda tun daren jiya, har mai keken ya fito ba ta sauka ba. Sannan akwai babban rafi a tsakiyar daji, ba gada, a kan dutse ake ratsawa. Da ya ƙetare ruwan iyakar gwiwa, amma ya baro hadari a kan duwatsu, in ya zuba to kafin hantsin gobe ruwan zai sauko, in kuwa ya sauko sai a kwana uku ba a ƙetare ba. Na ce mu tashi yanzu. Aka ce mai tsaron dajin ba ya ɗaga gorarsa bayan faɗuwar rana sai an yi assalatu, saboda giwaye. Na ajiye ludayin. Daga ƙofar ɗakin ana hango walƙiya can kudu, tana buɗewa tana rufewa, ba tsawa.

Da aka yi assalatu na tashi na tarar ba Tabawa a gefena. Ashe surukar Iya Mairo ce naƙuda ta kama, aka zo aka tashe ta. Na same ta a ƙofar ɗakin yarinyar, ta naɗe hannun riga. Ta karanta abin da ke fuskata.

Ta ce, "Ba na tashi in bar mace a durƙushe, ko wa ke jira na. Ke kin haifi bakwai, hannunki ya san hanya. Je ki. Ki tafi da bakinki kuma, yau ba na ba da aron nawa."

Haka muka shiga daji mu biyu, na ajiye ƙullin kayana a tsakani inda Tabawa take zama. Muka ce ma yi sallah a hanya. Da farko fitilun sun yi abin da aka ce za su yi. Manyan suka shimfiɗa haske a kan hanya, kowane rami da inuwarsa. Na saman suka haske itatuwa har ƙololuwa, irin itatuwan da ban taɓa gani ba, dogaye, ba mai sara. Na ga birai a jere a kan reshe sun rufe ido da hannu kamar yara. Na ga gada ta tsaya a tsakiyar hanya tana kallonmu, idanunta kore, sannan ta ɗaga ƙafa ta shige ciyawa ba gaggawa. Na ji kamar an ɗauke ni cikin barci ana tafiya da ni.

Muna gangarawa wani kwari sai duniya ta ɓace. Ba a hankali ba, lokaci ɗaya, kamar an shanya farin zane a kan gilashi. Hasken da ke tafiya gaba ya dawo mana a fuska. Na saman nan da aka yi don wannan rana su suka fi makantar da mu, fari a kan fari. Ya kashe su ya bar manyan, duk ɗaya. Ya kashe duka, sai duhu. Ya kunna ya riƙa jan motar taku-taku, kansa a waje ta taga, har na ji tayar gefena ta zame, motar ta karkata. Ya taka burki. Muka zauna muna jin injin yana numfashi. Can ya kashe shi, ya gaya wa sitiyari cewa alfijir ya keto, gara a yi sallah.

Na sauka da ƙyar. Hazon yana da sanyi, yana taɓa fuska kamar jiƙaƙƙen mayafi, yana ƙanshin ganye. Na kunna fitilata ta ƙwai, wadda kwana biyu ban goge gilashinta ba, duk ta yi hayaƙi. Na ajiye ta a ƙasa na yi alwala, na shimfiɗa zane a bayan motar. Ina jin karatunsa a gaba amma ba na ganinsa.

Da na zauna tahiya sai idona ya sauka a ƙasa. Na ga hasken 'yar fitilar nan, ja-ja rawaya-rawaya, ya bi ƙasa ya tafi, ya tafi, ya fi taku goma. Ga sawun taya, ga tsakuwa, ga bakin ramin da muka kusa faɗawa. Ashe hazon bai taɓa ƙasa ba, ya bar kamar kamu ɗaya, yana rataye a kai kamar rufin ɗaki. Na sallame ban tashi ba. Ina nan zaune sai ga ƙafafu suna wucewa cikin hasken, ƙafafun shanu, farare, jiƙaƙƙu, ba jiki ba kai, sai can sama ƙaho ya fito ya nutse. Sun daɗe suna wucewa. A bayansu ƙafafun mutum biyu da gindin sanda. Murya ta yi mana sallama daga cikin farin, muryar dattijo, da Fillanci sannan da Hausa. Direba ya tambaye shi rafi. Ya ce yanzu suka ƙetaro, ruwan ya kai ƙirjin maruƙa, jiya kuwa iyakarsa gwiwarsu. Ƙafafun suka wuce. Har yau ban san fuskar mutumin nan ba.

Na duba dama ba Tabawa, na duba hagu ba bango. Na yi gyaran murya, na ce wa fitilar da wani zai zo ya durƙusa a nan da ya ga wani abu. Na ji takunsa. Ya durƙusa a gefena, ya kwantar da kai, ya daɗe yana kallon hanyar da ke ƙarƙashin hazon.

Ya ce, "Haka mai sayarwar ya ce. A ƙasa ake ɗaura su, a jikin bamba. Baba ya ce sama."

Na ce, "Ruwan ɗorawar fa?"

"Shi ma na aiki ne, Yaya. Fenti ne. Farin haske hazo yake maido wa mutum."

Na ji kunnuwana sun yi zafi cikin sanyin nan. Na ce, "Me ya hana ka faɗa?"

Ya ce, "Kin yini kina wankewa."

Na tashi na ɗauki fitilar na ce ya hau ya kwanto su, zan haska masa.

Ƙafafun da Malam ya ƙera ba su ciruwa, ya yi su ne don jikoki. Sai fitilun kawai ya kwance daga kansu, yana miƙo mini noti ɗaya-ɗaya ina tarawa a bakin zane. Ya zaro wayar daga rufi ya sauko da ita, ya kwanta a cikin taɓo, ya ɗaure fitilun a ƙarƙashin bamba da waya da igiyar ramar da aka ɗaure buhun gishiri. Ya ce in riƙe nan, na riƙe. Ya ce in karkato ta ƙasa kaɗan, na karkato. Ni kuma na kwance ƙullina na ciro fatalar Asabe. Ko sau ɗaya ba a ɗaura ta ba, tana ƙanshin kanti. Na sa haƙori na tsaga ta biyu, na ninka kowane rabi, na rufe gilashin da na wanke, na ɗaure ta baya da irin ƙullin da ake yi wa bakin tulu.

Ya kashe manyan, ya kunna waɗannan kaɗai. Hanyoyi biyu rawaya suka fita daga ƙarƙashin motar suka bi ƙasa, suka haɗe a gaba. Sama fari, gefe fari, amma ga jar ƙasa, ga sawun shanun nan ya miƙe. Ya tayar da inji, ya ja da baya ya fitar da tayar, muka bi sawun. Tafiyar ba ta fi ta mai jaki sauri ba. Ni ke kallon gefena in ce rami, ko in ce dutse, shi kuma ya kauce. Wani lokaci gindin itace ya fito ya wuce, ba a ganin samansa. Na rasa ko sa'a ɗaya muka yi a haka ko uku.

Kunne ya riga ido sanin rafin. Da muka iso gari ya fara wayewa, ana ganin ruwan, ja, yana tafe da ganye da kumfa. Direba ya naɗe wando ya shiga da sanda, ruwan ya kai masa cinya. Ya dawo ya buɗe inji ya toshe wani wuri da tsumma, ya shigo yana ɗiga. Ya ce, "Yaya, ɗaga ƙafarki." Na ɗaga, na kama duk addu'ar da na sani. Muka shiga. Ruwan sanyi yana taɓa fitilar hagu ta fashe, tas. Ruwa ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa ya ɗauki takalmina ɗaya yana yawo da shi. A tsakiya injin ya yi tari sau biyu, bayan motar ya fara bin ruwa, na ga gaɓar can tana matsawa gefe. Sai taya ta kama tsakuwa, muka hau. Ya tsaya a tudu ya kifa kai a kan sitiyari, kafaɗunsa suna rawa, ban sani ba ko dariya ce. Na ce masa sannu.

Daga nan hanya ta yi ta hawa, hazon ya yi ta raguwa har ya koma ƙarƙashinmu. Duwatsun Doguwa suka fito, kawunansu kaɗai, kamar an jera tukwane a kan auduga. A bakin hanya ga gungumen itace a yashe suna ruɓewa. Na tuna yadda mu a Bebeji muke wata uku muna tara kara da icen wankan jego, a nan kuwa ba mai ko waiwayensa.

Da hantsi muka tsaya a ƙofar gidan. Uwar mijin Asabe ta fito, ba ta tsaya gaisuwa ba, ta kama hannuna kawai ta ja. A garinmu uwa ba ta shiga ɗakin da 'yarta ke haihuwa, a bakin ƙofa take tsayawa. Na tsaya a bakin ƙofar daidai numfashi uku, sannan na cire mayafi na shiga. Ɗakin zafi, ga hayaƙi. Su a can igiya suke ɗaurewa a jikin azara mai naƙuda ta riƙe. Asabe tana durƙushe, hannu ɗaya a igiyar, ɗayan ya saki, kanta ya faɗo. Na zaga bayanta na rungumo ta, na sa gwiwata a ƙugunta, na kira ta da sunan da nake kiranta tana ƙarama. Na ji bayanta ya miƙe a jikina.

Kafin azahar ta sauka. Mace. Ta faɗo shiru, ba motsi. Wata tsohuwa ta ɗauko tasa tana bugawa da ludayi kusa da kunnenta, haka su suke yi. Ni kuma na ɗebi ruwan randa na watsa mata, yadda mu muke yi. Ban san wanne ta ji ba. Ta ja numfashi, ta murtuke fuska, ta tsala kuka har tsohuwar ta ajiye tasar ta ce to, ya isa, mun ji.

Da aka gyara Asabe aka kwantar da ita sai ta kamo bakin zanena. Muryarta ta dushe, sai da na sunkuya. Ta ce tun asuba sau biyu tana sakin igiyar, tana ce musu ta gaji, su bar ta ta kwanta. Ta ce, "Sai na ji kamar kukan mota can ƙasan dutse, ya zo ya ɓace, ya zo ya ɓace. Na ce ko mafarki ne, bari dai in riƙe har in gani."

Na gyara mata zane. Na fita na tambayi inda suke ajiye babbar tukunya, na ɗora ruwan wanka. Sauran kwana arba'in ɗin da dawowa gida ba su da labari, alhamdu lillahi.